Kwandon Barka da Sallah: Yadda Ake Haɗa Sabulu, Turaren Wuta, Man Shafawa da Dilka a Gida

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato tambayoyin nan ne ke yawan zuwa mana: soda mai ƙuna ta yin sabulu nawa ake zuba wa kilo ɗaya na mai, me ya sa man kaɗanyar da aka haɗa jiya ya wayi gari ya zama ruwa, me ya sa turaren wuta yake ƙauri a kasko maimakon ƙamshi. Akasarin masu tambayar kuma sai a goman ƙarshe na azumi suke zuwa, lokacin da sabulu ya riga ya makara. Shi ya sa muka jera aikin bisa kwanan wata, daga abin da ya fi ɗaukar lokaci zuwa wanda ake yi ana gobe Sallah. Ma'aunin da ke nan ya isa kwando 12, kowanne da sabulu ɗaya, kwalbar turare, ɗan gwangwanin mai da ƙullin dilka.

Mataki na 1: Ƙirga kwanaki daga Sallah zuwa baya

Sabulu yana buƙatar mako 4 zuwa 6 yana shan iska kafin ya taɓa jikin mutum. Ke nan idan kyautar ta Ƙaramar Sallah ce, a tsakiyar Sha'aban za ki zuba shi. Idan ta Babbar Sallah ce, a ƙarshen Shawwal. Turaren wuta yana son mako 3 a rufe cikin kwalba, don haka farkon azumi ya dace da shi. Man shafawa da dilka kuwa a makon ƙarshe ake yin su.

Ki duba yanayin da Sallar za ta faɗo a ciki. Zafin bazara a Maradi, a watannin Afrilu da Mayu, yana haura digiri 40, man kaɗanya kuma yana fara narkewa tun bai kai nan ba. Haɗin da ya zauna daram a hunturu zai iya malalewa a bazara. Za mu nuna inda ake canza ma'auni saboda haka.

Mataki na 2: Kayan aiki da sayayya

Abu na farko da za ki saya shi ne ƙaramin sikeli na lantarki mai auna giram ɗaiɗai. Kada ki yi sabulu da awon gwangwani ko kofi ko cokali. Gwangwanin soda mai ƙwaya da na soda mai ɓawo-ɓawo ba nauyinsu ɗaya ba, bambancin giram 20 kuma ya isa ya mayar da sabulun wanka abin da ke saɓule fata.

Sai bokitin roba mai kauri guda biyu. Ki juya gindin robar ki duba lambar da ke cikin ɗan alwatikan nan: 5 ko 2 su ne masu jure soda. Gorar ruwan sha mai lamba 1 ba ta jurewa. Cokalin juyawa ya zama na roba mai tauri ko na ƙarfen inoks, wato wanda ba ya tsatsa. Ki tanadi safar hannu ta roba mai tsawo, tabarau mai rufe gefen ido, da akwatin katako mai kimanin tsawon santimita 25, faɗi 9, zurfi 7, wanda za ki shimfiɗa wa leda a ciki. Kowane kafinta zai haɗa miki shi da ragowar katako.

Gargaɗi: tukunyar dalma da duk wani kwano na alminiyam ba sa haɗuwa da soda. Soda tana cin ƙarfen, tana fitar da iska mai kama wuta, sabulun kuma ya yi baƙi. Duk kayan da suka taɓa soda kada su koma madafa.

Man gyaɗa da man riɗi ba sai kin je nesa ba, na matan da ke matsa a gida ya fi, muddin sabo ne kuma ba a soya komai a ciki ba. Wajen man kaɗanya ki ɗebi kaɗan ki murza a bayan hannu: mai kyau yana narkewa ya shige, ba ya barin yashi-yashi, ba ya warin tsami. Soda, man kwakwa, madarar turare da ƙananan kwalabe akwai su a babbar kasuwa. Da yawansu daga Kano suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, shi ya sa kuɗinsu ke hawa da sauka tare da canjin naira. Ki saye su tun kafin azumi ya kama, kafin kasuwa ta cika.

Mataki na 3: Tace kitse

Sabulun da za mu nuna na kitse ne, domin kitse ke ba shi tauri ya daɗe a banɗaki bai jiƙe ya zama kunu ba. Ki sayi kitsen sa kamar giram 700 wurin mahauta, na gefen ƙoda ya fi tsabta. Ki yayyanka ƙanana, ki zuba a tukunya da rabin kofi na ruwa, wuta kaɗan-kaɗan har ya narke ya bar ƙanzo. Ki tace da ƙyalle mai tsabta. Ki ƙara masa ruwan zafi kofi biyu da gishiri cokali ɗaya, ki bari ya tafasa minti 10, ki ajiye ya daskare. Da safe za ki tarar da farin faifan kitse a sama, ruwa mai datti a ƙasa. Ki ɗago shi ki kankare gindinsa. Idan har yanzu yana ƙarni ki sake wankin nan sau ɗaya. Giram 400 kike nema.

Mai yin kyautar biki ko suna bayan Babbar Sallah ta ajiye kitsen layya, a tace shi haka a rufe a wuri mai sanyi. Wadda ba ta son kitse ta sa manja giram 400 a madadinsa ba tare da canza awon soda ba, sai dai sabulun zai fito ruwan lemu, kumfarsa ma da ɗan launi.

Mataki na 4: Jiƙa soda

Ga ma'aunin, duka a giram, har da ruwan: kitse 400, man kwakwa 250, man gyaɗa 200, man kaɗanya 150, soda 142, ruwa 330. Idan man alayyadi kika samu maimakon man kwakwa, soda ta koma 140. Ban da waɗannan sauye-sauye biyu, kada ki musanya wani mai da wani ki bar sodar yadda take, domin kowane mai da yawan sodar da yake ci. An rage sodar nan da kashi 5 cikin 100 da gangan, don ɗan mai ya saura a sabulun ya tausasa fata.

Ruwan ya zama na leda ko ruwan sama da aka tace. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana rage kumfa.

Ki fita tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ki sa safar hannu da tabarau da riga mai dogon hannu. Ki auna ruwan a bokiti. Ki riƙa barbaɗa soda a cikin ruwan kaɗan-kaɗan kina juyawa, fuskarki a kauce. Soda ce ke shiga ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, domin yana iya tafasowa ya fantsamo fuska. Nan take ruwan zai yi fari, ya yi zafi kusan na tafasa, ya fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro. Ki ci gaba da juyawa har ya washe, babu ƙwaya ko ɗaya a gindi, sannan ki bar shi ya huce.

A nan ne ake samun babban haɗari, kuma ba ga mai aikin ba. Ruwan soda da ya washe ba shi da bambanci da ruwan sha a ido, ƙwayar sodar kuma kamar sukari take. Yaron da ya kurɓa sau ɗaya zai iya ƙone maƙogwaronsa ƙonewar da za ta bi shi tsawon rayuwa. Don Allah kada ki bar bokitin a ƙasa ko da na minti ɗaya ne, kada ki zuba ragowa a gorar ruwa ko kofi. Ki ɗora shi sama a ɗakin da za ki kulle. Idan ta taɓa fata, a kwarara ruwa mai yawa na minti 15 zuwa 20. Idan ido ne, a wanke haka a wuce asibiti. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko lemun tsami da sunan magani, a garzaya da shi asibiti tare da ledar sodar.

Mataki na 5: Haɗa mai da soda

Yayin da ruwan soda ke hucewa, ki narkar da kitse, man kwakwa da man kaɗanya a wuta mai sanyi, ki sauke, ki zuba man gyaɗa a kai, ki juye a bokiti na biyu. Ana so mai da ruwan soda su zama ɗumi ɗaya, wajen digiri 40 zuwa 45. Idan babu ma'aunin zafi, ki taɓa jikin bokitan daga waje: ɗumin ruwan wankan jariri da ɗan ɗoriya. Idan man ya huce da yawa kitsen zai fara daskarewa, ki ga haɗin ya yi kauri ki ɗauka ya haɗu alhali bai haɗu ba, washegari ki tarar mai a sama ruwa a ƙasa.

Ki zuba ruwan sodar cikin man a siririn zare kina juyawa gefe ɗaya. Da hannu aikin yana iya kai awa ɗaya ko fiye, ana juyawa minti 10 a huta minti 5. Da injin markaɗe na hannu, irin mai dogon wuya, minti 5 ya isa, amma ki tabbata kansa ya nutse kafin ki kunna don kada ya fantsama, ki kuma shirya cokali kusa ko wutar lantarki za ta ɗauke. Alamar ya haɗu ita ce idan kin ɗago cokali kin ɗiga a kai, layin ya zauna a sama na ɗan lokaci kafin ya nutse, kamar koko mai kauri.

Yanzu ne ake sa ƙamshi da launi. Madarar turare giram 20 zuwa 30 ta isa. Turaren fesawa bai yi ba, domin sinadarin barasar da ke cikinsa yana sa sabulu ya dunƙule nan take tun ba ki kai ga akwati ba. Man kanumfari ma yana gaggauta daskarewa, yana kuma yi wa fata raɗaɗi. Don launi, ƙaramin cokali ɗaya na kurkum ko babban cokali ɗaya na garin gawayi mai laushi, a dama da ɗan mai tukuna don kada ya yi gudaji. Garin zogale yana fitowa kore shar a ranar farko, amma kafin Sallah ya koma ruwan ƙasa, ki san da haka.

Mu a wurinmu abin da ya fi dacewa da kwando daga Maradi shi ne nonon jar akuya. Hanya mafi sauƙi: ki jiƙa sodar a ruwa giram 230 kawai, ki ajiye nono mai sanyi giram 100, ki zuba shi cikin man ki juya kafin ruwan soda ya shiga. Idan kika zuba soda kai tsaye a nono, zafin zai ƙona shi ya koma ruwan goro da wari mai hawa kai.

Ki juye a akwati, ki ɗan bubbuga shi a ƙasa iska ta fita, ki rufe saman da leda. A hunturu ki lulluɓe da tsohon tawul. A bazara kada ki lulluɓe, musamman mai nono ko zuma, domin sabulu yana ƙara zafi da kansa, ya kumbura ya tsage a tsakiya. Inuwa da iska kawai yake so.

Mataki na 6: Yanka da shanya

Bayan awa 24 zuwa 48 ki sa safar hannu ki zaro shi. Idan yatsa yana lotsawa ki ƙara masa kwana ɗaya. Ki yanka da wuƙa ko siririyar waya, kaurin santimita 2, zai ba ki guda 12. Kada ki wuce kwana uku ba ki yanka ba, sabulun kitse yana tauri ya riƙa ɓarewa.

Ki jera su a tsaye a kan kwali, da tazarar yatsa tsakaninsu, a ɗaki mai iska, ki yafa siririn ƙyalle saboda ƙura, ki riƙa juya su duk mako. Kada ki shanya a rana don ya yi sauri: rana tana sa man da ya saura ya lalace, sabulun ya fito da ɗigo-ɗigo ruwan lemu masu warin tsohon mai.

Farin gari a saman sabulu ba illa ba ne, a kankare ko a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle. Abin tsoro shi ne sabulu mai gautsi yana marmashewa, ko mai ramuka da ruwa a ciki. Wannan soda ta yi masa yawa ko bai haɗu ba, ba ya shiga kwandon kowa. Bayan mako 4 ki jiƙa yatsa ki shafa sabulun ki taɓa bakin harshe. Ɗanɗanon sabulu kawai ya kamata ki ji. Idan ya tsikare ki kamar batir, bai yi ba. Wanda ya wuce wannan gwaji ki yi wanka da shi da kanki kwana uku kafin ki bai wa wani.

Mataki na 7: Turaren wuta

Icen turare giram 400, ko sandal ko gabgab ko haɗinsu, da kajiji giram 100. A wurin saye ki roƙi mai kaya ya ɗora ɗan guntu a garwashi. Icen kirki yana ƙamshi har ya cinye. Wanda aka fesa wa turare kawai, ƙamshin farko na wucewa sai hayaƙin itacen girki. Ki sassare icen kamar gaɓar ɗan yatsa, ki daka kajijin sama-sama, ki tankaɗe ƙurar.

Ki ɗora sukari giram 250 da ruwa giram 125 da ruwan rabin lemun tsami. Lemun ne ke hana sukarin komawa ƙwaya idan ya huce. Ki bar shi a matsakaiciyar wuta har ya yi ɗanƙo: ki ɗiga a faranti, ya ɗan huce, ki taɓa da yatsa biyu ki raba, idan ya ja zare ya yi. Launin ya tsaya a ruwan zuma. Idan ya yi baƙi ki zubar ki sake, domin ƙonannen sukari shi ne ƙaurin da ake ji a kasko, kuma babu madarar da za ta rufe shi.

Ki rage wuta, ki zuba icen ki yi ta juyawa minti 3 zuwa 5 har kowane guntu ya yi sheƙi, babu ruwa a gindin tukunya. Ki sauke, ki kashe wutar, ki yi nesa da murhu. Sai ya huce ya zama ɗumi sannan ki zuba madarar turare kamar giram 60 zuwa 80 da ɗan garin miski, kina cakuɗawa. Idan kika zuba da zafi, ƙamshin ya tafi da tururi. Turaren fesawa kuma kusa da wuta yana kamawa fuu, gyale da hannun riga su ne farkon ci.

Ki cusa a babbar kwalbar gilashi busasshiya, ki rufe gam, ki ajiye a duhu, ki girgiza duk bayan kwana uku. Roba tana shanye ƙamshi, madarar ma tana cin wasu robobin. A makon Sallah ki raba a ƙananan kwalabe, kamar giram 60 kowace. Masu sa farce, wato murfin bakin wani dodon koɗi da ake haɗawa a turare, su sani sai an jiƙa shi, an kankare naman da ke manne, an soya shi a busasshen kasko an daka, in ba haka ba ƙarnin kifi zai lalata kwalbar gaba ɗaya. Mai koyo ta bar shi sai karo na gaba.

Mataki na 8: Man shafawa

Na bazara: man kaɗanya giram 400, man riɗi 150, kakin zuma 50. Na hunturu, wanda shi ne lokacin da faso da kaushi ke damun mutane, kuma lokacin kyautar Kirsimeti da sabuwar shekara ga maƙwabta: kakin ya koma 30, man riɗi 170. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 60, shi ne ke riƙe man kada ya malale a jaka.

Kada ki ɗora mai kai tsaye a wuta. Ki sa kwano a cikin tukunya mai ruwan zafi, ki fara narkar da kakin da man riɗi, sannan ki sa man kaɗanya, yana gama narkewa ki sauke. Idan kaɗanyar tana da datti ki tace da ƙyalle tun da zafinta. Ya ɗan huce ki zuba madarar turare giram 6, kada ki wuce haka, domin wannan a fata zai wuni. Wanda za a shafa wa jarirai a bar shi babu turare.

Sirrin laushinsa yana wurin hucewa. Idan man kaɗanya ya huce a hankali yana yin tsaki-tsaki kamar an zuba masa gari. Ki juye a gwangwanaye masu cin giram 50 ki sa a firigo awa ɗaya. In babu firigo, ki zaunar da kwanon a ruwan ƙanƙara kina juyawa har ya yi kauri, sannan ki ɗura. Idan ya riga ya yi tsakin, a sake narkarwa a sanyaya da sauri. Bugaggen man kaɗanya mai kama da kumfa yana da kyau a hoto, amma a zafinmu yana zaunawa ya koma rabin gwangwani, sai mai karɓa ta ga kamar an ɗiba.

Gargaɗi: ko ɗigon ruwa kada ya shiga. Ba ruwan lemun tsami, ba ɗanyen ganye, ba madarar sha. Mai zalla yana wata 6 lafiya lau, amma da ruwa ya shiga sai fumfuna cikin kwanaki. Gwangwanayen ma a wanke su tun jiya su bushe ƙarau.

Akwai wata ɗabi'a da muke roƙo a bari: matsa maganin shafawa na farmasi ko man bilicin a cikin haɗin don wai ya sa haske. Waɗannan suna sirantar da fata, su bar nanƙarwa da baƙin tabo a kumatu, wasu ma da sinadarin da ke taɓa ƙoda. Wadda kika bai wa kyauta ta amince da ke ne, ba ta san abin da ke ciki ba, ƙila ma ta shafa wa ɗanta.

Mataki na 9: Dilka busasshiya

Dilkar da ake kwaɓawa da dankali ko madara ba ta kwana uku a zafi, don haka ta kyauta a gari ake ba da ita. Garin gero da aka surfa aka wanke ya bushe giram 500, garin shinkafa 300, busasshen ɓawon lemun zaƙi 100, garin sandal 50, kurkum 30, kanumfari 10, mahalab 10. A niƙa, a tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi. Ki murza a cikin hannu kusa da wuyan hannu: idan yana karce, a sake tankaɗewa. Kurkum ya wuce haka yana rina fata da zanen gado. Ki ƙulla giram 80 a leda mai kauri.

A takardar da za ki haɗa da ita ki rubuta yadda ake amfani: cokali 3 a kwaɓa da nono ko man riɗi, a shafa, a bari ya sha iska minti 15, a murje a hankali, a yi wanka. Sau ɗaya ko biyu a mako, ban da wurin da ke da ƙuraje ko ciwo.

Mataki na 10: Lissafin kuɗi

Farashi yana canzawa daga mako zuwa mako, don haka ki riƙe littafi ki rubuta duk abin da kika saya, har da gawayi, kuɗin niƙa da kuɗin kabu-kabu. Misali don ki ga yadda lissafin yake: a ce sabulu ya ci jika 4 (jika ɗaya sefa 1,000 ce), turaren wuta jika 12, man shafawa jika 4, dilka jika 3, kwalabe da faifai da zare jika 7. Jimla jika 30, a raba 12, kowane kwando ya tashi a sefa 2,500. Sikeli, bokitai da akwati ba sa cikin wannan, domin sau ɗaya ake sayensu.

Ko yaya farashin ya kasance, madarar turare da ice su ne ke cinye kuɗi, sai kwalabe. Idan aljihu bai kai ba, ki rage girman kwalbar turaren, kada ki sauka zuwa madara mai araha wadda ke sa ciwon kai. Kwalaben mayonis da na zuma da aka wanke da ruwan zafi aka shanya a rana suna aiki, idan murfin ba ya warin abin da ya zauna a ciki. Mata uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi sikeli ɗaya da babbar kwalbar madara su raba.

Mataki na 11: Shirya kwando

Faifai ko ɗan kwandon kaba ko ƙoƙo mai zane ya fi kwalin kanti kyau, kuma mai karɓa za ta ci gaba da amfani da shi. Ki je wurin tela tun tsakiyar azumi ki roƙi ƙyallayen atamfa da shadda, a lokacin suna tare a ƙarƙashin keke. Ki yanka su murabba'i, santimita 20 kowane gefe, ki naɗe sabulu ki ɗaure da zare. Sabulun gida ba ya son leda, yana gumi a ciki. Ki yanka soso gunduwa-gunduwa ki sa ɗaya kusa da shi. Murfin kwalbar turare da na mai a sa musu 'yar leda a ƙarƙashi kafin a murɗa, don kada su yoyo.

Kowane abu ya samu 'yar takarda: sunansa, ranar da aka yi shi, da abin da ke ciki. Ki ambaci man gyaɗa da man riɗi da sunansu, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka. Ki ƙara da cewa a fara gwada kaɗan a hannu a kwana ɗaya. Ga gwaggo ko inna da ba ta karanta boko, ɗan aike ya faɗa mata da baki wanne ne na kasko, wanne ne na jiki, domin garin dilka yana kama da garin kunu.

Kwandon surukai da na tsofaffi ki ƙara masa goro da dabino a ƙulli daban, nesa da sabulu, domin dabino yana ɗaukar ƙamshi. A kai kwandunan da sassafe ko bayan la'asar. Idan a babur za a kai su unguwa mai nisa, daga unguwar Zariya zuwa Bagalam a cikin Maradi ko har garin Tibiri, gwangwanin mai ya zauna a tsaye a tsakiyar kwandon, a kewaye shi da ƙyalle, kada a sa shi a akwatin da ke ƙarƙashin sirdi inda zafin inji ke taruwa.